Tallafi ne ko lada? Amsoshin tambayoyinku kan jirgi, wasiƙa da kan sarki

Wani malamin tarihi a wata sakandare a Zariya ya rubuto: "Malam, ina koyar da labarin kuɗin da gwamnatin Ingila ta riƙa biyan kamfanonin jiragen ruwa don su kai wasiƙu ƙasashen da take mulka. Na ce wa ɗalibai tallafi, abokin aikina ya ce lada ya kamata in ce. Wa ya yi daidai?"

Malam, gardamar da kuke yi da abokin aikinka ita ce Turawan da kansu suka shafe shekaru suna yi a majalisarsu. Mu fara da kalmar. Tallafa ita ce ka sa hannu a ƙarƙashin abin da ba zai tsaya da kansa ba. Shi ya sa yaron da aka ɗauka riƙo ake ce masa ɗan tallafi. Lada kuwa sakamakon aiki ne, ka yi, a biya ka. Abin da ke ɓata mini rai a yau shi ne yadda komai ya zama tallafi a bakin 'yan jarida. Bashi tallafi, rabon shinkafa ranar zaɓe tallafi, har albashin da ma'aikaci ya yi wa gumi sai ka ji an kira shi tallafi. Kalma idan ta ɗauki kowane kaya, sai ta daina nuna komai.

To, ga abin da ya faru. Kamfanin Royal Mail Steam Packet, wanda ya fara kai wasiƙu tsibiran Karibiyan a 1842, fam 240,000 ake ba shi duk shekara, alhali kuɗin da gidan waya ke samu daga wasiƙun hanyar bai kai haka ba. Masu suka suka ce rarar nan ba ladan dako ba ce, kuɗin masu biyan haraji ne ake tallafar attajirai da shi, kuma duk mai jirgin da ba ya cikin rabon ba zai iya gogayya da wanda ake ciyarwa ba. Masu kamfanoni suka ce a'a, lada ne, domin gwamnati ba wasiƙa kawai take saye ba. Tana sayen tashi a ranar da aka yanke ko da kaya ko babu, da gudu, da jiragen da za a iya ɗora wa bindigogi in yaƙi ya tashi. A 1853 wani kwamiti ƙarƙashin Lord Canning ya ba da shawarar a riƙa buɗe ƙofa kamfanoni su yi takara, a 1860 kuma aka karɓe kula da kwangilolin daga ma'aikatar sojan ruwa aka mayar wa gidan waya.

Rigimar ba ta tsaya a Landan ba, don an riƙa ɗora wa ƙasashen da ake mulka wani kaso. Indiya ta daɗe tana biyan nata kason na kuɗin kamfanin jiragen ruwa na P&O daga harajinta. A 1901, da aka ba Alfred Jones na kamfanin jiragen ruwa Elder Dempster fam 40,000 a shekara don jiragen wasiƙa da ayaba tsakanin Jamaika da Ingila, rabin kuɗin daga baitulmalin Jamaika ya fito.

Mu ma abin ya taɓa gaɓarmu. A 1852 aka ba kamfanin African Steam Ship na Macgregor Laird kwangilar kawo wasiƙu Afirka ta Yamma wata-wata, jirgi na tsayawa a Saliyo, Akara, Ikko, Kalaba, har tsibirin Fernando Po. Laird ɗin nan shi ne ya aiko da jirgin Pleiad da ya hau Kwara da Binuwai a 1854. Da jirgi mai ranar zuwa ya samu, ƙananan 'yan kasuwa baƙar fata suka fara aika manjansu Turai ba sai sun mallaki jirgi ba.

Saboda haka ni dai ga abin da zan ce wa ɗalibai: abin da ya yi daidai da dakon wasiƙa lada ne, abin da ya ɗoru a kai don jirgi ya ci gaba da tafiya tallafi ne. Faɗi duka biyun, ka nuna musu inda aka yi saɓani.

Wata ɗaliba daga Maraɗi: "Wasiƙa Hausa ce?"

Ta zama Hausa tuntuni. Daga Larabci ta zo, wathiƙa, wato takardar da ake dogara da ita.

Wani mai karatu daga Kumasi: "Malam, wane karin magana ne ya dace da kamfanin da ya karɓi kuɗin gwamnati sannan yake kukan sharuɗɗa?"

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Jiragen nan in sun makara ana cin tarar kamfani, kuma akwai hafsan sojan ruwa a ciki mai gadin jakunkunan wasiƙa, yana lissafin lokaci. Amma ka lura, "ladan" aka ce. Ina jin wasu na cewa "kuɗin kuturu", wannan ɓata karin magana ne, don nauyin maganar yana kan cewa aiki ka karɓa.

Wani daga Gusau: "Me ya sa ake cewa kan sarki, alhali na farko a duniya hoton sarauniya ke jikinsa?"

Ka yi gaskiya, na 1840 kan Sarauniya Biktoriya ne. Amma ta rasu a 1901, Kano da Sakkwato kuwa a 1903 suka shiga hannun Turawa. Daga nan har 1952 sarakuna maza ne a kan gadon Ingila. A ganina abin da Bahaushe ya gani a kan ambulan shi ya faɗa.

Wani matashi daga Kaduna: "Kakana yana cewa jirgi yana nufin kwalekwale. Ba na sama ba ne jirgi?"

Ɗana, kakanka ya fi ka gaskiya. Jirgi na ruwa ne tun asali, masu fito a Kwara da shi suke ƙetarar da fatake. Da dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da na sama suka sauka a Kano a 1925 aka ce jirgin sama. Idan ka ji an ce jirgi ɗaya ya kwaso su, ka tuna da mutanen da suka cunkushe a kwalekwale ɗaya a mashigi, ba masu kujera da lamba ba.