Zaman karatu a laburare kan jarabar saye-saye: da wane littafi za a fara?

Malama, kin tambayi yadda ƙungiyarku za ta shirya zaman karatu a laburaren gwamnati kan yawan saye-saye, da littattafan da suka dace.

Ku fara kai wa shugaban laburaren takardar neman izini, ku faɗi rana, lokaci da yawan mahalarta, don a ware muku ɗaki daban da zauren masu nazari. Mutum 10 zuwa 15 sun isa. In suka wuce haka zaman yakan koma hira. Babi ɗaya a mako.

Ku soma da The Hidden Persuaders na Vance Packard (1957), kan yadda 'yan talla ke sarrafa zukatan masu saye. The Theory of the Leisure Class na Thorstein Veblen (1899) ya yi bayanin saye don a gani, amma Turancinsa na da tauri, ku bar shi sai daga baya. Masu Larabci su duba sashen zargin son dukiya a Ihya'u na Imam Gazali.

Misalan littattafan farko biyu na Amurka ne, don haka ku riƙa auna su da lefe da ankon biki, ba tare da nuna kowa da yatsa ba. Wanda aka cuta a ciniki kuwa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ce wurin kai kuka a Najeriya.