Tambayoyinku kan fasaha: Shin waya tana ƙara wa yaro karatu?

Tambaya: Malam, ɗana yana CM2, ajin ƙarshe na firamare, a nan Maraɗi. Ya matsa mini lamba in saya masa babbar waya, wai da ita abokansa suke karatu. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Akwai waɗanda suka taɓa bincika ko abin yana da amfani? (Wani ɗan kasuwa, unguwar Zariya)

Amsa: Alhaji, an bincika, kuma tun ba yau ba. Ƙasarmu ma tana cikin na farko a Afirka da suka gwada koyarwa da na'ura. A 1964 aka fara koyar da ƴan firamare ta talabijin a Nijar tare da taimakon Faransa. Yaran sun kama Faransanci da baki sosai, amma shirin bai game ƙasa ba.

Abin da ya fi jan hankalin duniya shi ne na ƙasar Peru. Gwamnati ta raba wa yara ƙananan kwamfutoci na shirin One Laptop per Child. Masu bincike suka bi makarantu 319 na karkara, suka fitar da sakamako a 2012: yaran sun iya latsa kwamfuta, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. An ba da na'ura, ba a sauya yadda ake koyarwa ba.

Ni wanda ya fi burge ni na gida ne. A 2009 da 2010, Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka da abokan aikinta, tare da ƙungiyar agaji ta CRS, sun gwada wani abu a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyukan Dosso da Damagaram. Ƙaramar waya mai maɓallai, guda ɗaya ga mutum biyar, aka koya musu rubuta saƙo da Hausa ko Zabarmanci. Waɗannan sun fi ƴan azuzuwan da ba a ba waya ba maki a rubutu da lissafi. Ka duba dalili: malami yana nan, sannan mutum ya koma gida yana laluben haruffa da babban yatsa don ya aika wa ɗansa da ke ci-rani saƙo. Darasin ya zama abin buƙatarsa.

Saboda haka kada ka yi gaggawa. Fara zuwa wurin mushensa, wato malaminsa, ka tambaye shi inda yaron yake da rauni. In lissafi ne, sa masa manhajar atisaye a wayarka, rabin awa bayan magariba, kana zaune kusa. Wayar da yaro ɗan shekara 12 zai kwana da ita a ɗaki, TikTok ne zai ci rabonta, wannan kuwa yana damuna ƙwarai.

Tambaya: Ni malama ce a wani ƙauye wajen Gidan Rumji. Intanet ba ya kamawa sosai. Me zan yi?

Amsa: Malama, ranar da kika shigo gari ki sauke manhajar Kiwix. Kyauta ce, tana ajiye Wikipedia ta Hausa ko ta Faransanci a cikin waya, ki buɗe ba tare da intanet ba. Ta Faransanci tana da nauyi, sai ki zaɓi wadda ba ta da hotuna, ki sa ta a katin memori.