Kwana nawa 'yan sanda za su tsare mutum kafin su kai shi kotu?

Malam, ka ce ƙaninka ya kwana biyar a caji ofis kan zargin sata ba a kai shi kotu ba, kana tambaya ko doka ta yarda da haka. Ba ta yarda ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce in akwai kotun da ke da hurumin shari'ar cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya tak suke da shi. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Dole kuma a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma yana da ikon yin shiru har ya gana da lauya.

Amma fa ka bincika abu ɗaya tukuna: ko sun karɓo takardar izinin tsarewa daga majistare. Nan ne jama'a ke faɗuwa, domin sau da yawa ana karɓo ta dangi ba su sani ba. A dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, izinin farko bai wuce kwana 14 ba, jihohi kuma na da tasu. Ka nemi DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, ya nuna maka takardar. In babu ita, lauya ya shigar da ƙara Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki, ya nemi saki da diyya. Wa'adin nan na kwana ɗaya ko biyu dai bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kamar fashi da makami.