Amsa ga yarona a kan baƙin da ke neman diyya bayan nutso

Ɗana, na karanta saƙonka bayan sallar isha'i, kuma na lura ranka a ɓace yake. Ka ce biyu daga cikin Turawan Ingila da kuka fita da su yawon nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya daga garin Hurgada na ƙasar Masar a watan jiya sun kai ƙara wurin lauya suna neman diyya. Namijin ya kwana uku yana amai da gudawa a cikin jirgin ruwa, macen kuma kafaɗarta ta riƙe, yatsunta suka mutu bayan ta hau jirgin sama zuwa gida. Tambayarka ita ce, mutumin da ya zo da ƙafarsa, ya sa hannu a takardar da ke cewa nutso yana da haɗari, da wace hujja zai dawo ya ce a biya shi, alhali ciwo da lafiya duk na Allah ne?

Babu musu ciwo na Allah ne, amma ko a fiƙihu malamai sun raba tsakanin abin da ya lalace a hannun mai riƙon amana ba tare da sakacinsa ba, da abin da ya lalace saboda sakacinsa, suka ɗora lamuni a kan na biyun kaɗai. Baƙon da ya sauka mita talatin a ƙarƙashin teku yana shaƙar iskar da kai ka cika masa, yana cin abincin da kukunmu ya dafa, yana bin zurfi da lokacin da jagoranmu ya yanka masa, ransa amana ne a hannunmu. Saboda haka duk sanda aka kawo mini irin wannan ƙara, abin da nake fara tambaya shi ne, abin da ya jawo ciwon a hannun wa yake?

Takardar nan da kake dogaro da ita ba ta kai ƙarfin da kake zato ba. Tana nuna an gaya wa baƙo haɗarin da ke cikin nutso shi kansa, kuma ya yarda. A Ingila dokar kare haƙƙin mai saye ta 2015 ta hana ɗan kasuwa ya yi amfani da wani sharaɗi na yarjejeniya ya wanke kansa daga mutuwa ko raunin da sakacinsa ya jawo. Sannan dokarsu ta 2018 a kan tafiyar da aka sayar a dunƙule, wato jirgi da masauki da nutso a kuɗi ɗaya, ta ɗora wa kamfanin da ya shirya tafiyar alhakin duk aikin da ya yi alkawari, ko da wasu ne suka yi shi a madadinsa. Don haka kamfanin can za a maka a kotu, shi kuma ya juyo kanmu yana neman littattafan aikinmu.

Bari in fara da iska, ko da yake baƙinka ba su ambace ta ba, domin a nan ne na fi ganin an cuci mutane. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai ina aiki a wani jirgi da ba zan faɗi sunansa ba, injin cika tukwanen iska yana bayan jirgi, an ɗaura tiyon da yake zuƙo iska a jikin wani ƙarfe da igiya. Cikin dare igiyar ta kwance, tiyon ya faɗo kusa da salansar janareta, wanda ke cikawa kuma yana gyangyaɗi. Da safe muka sauka da mutum huɗu. Ba mu yi minti goma ba wani dattijo ya dafe kansa da hannu biyu, ya dube ni ta cikin gilashin fuska da idanun wanda bai san inda yake ba, ni ma na ji ɗanɗanon mai a harshena, kaina yana sarawa. Na haɗa su muka hau a hankali, Allah ya kiyaye babu wanda ya suma. Gubar da ke cikin hayaƙin inji, wadda ake kira kabon monoksayid, tana manne wa jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu, kuma a zurfin mita 30, inda matsi ya ninka na saman ruwa sau huɗu, kowane numfashi yana ɗauke da gubar ninki huɗu. Ƙa'idar Turai ta EN 12021 ba ta yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba a iskar da za a shaƙa. Mutanen nan ba su da hanyar leƙa cikin tukunya su ga abin da aka zuba musu. Maigidanmu na lokacin ya mayar musu da kuɗin kwana ɗaya kawai, suka karɓa suna godiya, kuma har yau ina ganin an danne musu haƙƙi.

Maganar mai gudawa ta fi sauƙi a faɗa, ta fi wuya a tabbatar. A shari'ar wasu matafiya masu suna Wood da kamfanin shirya tafiye-tafiye na TUI, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 2017 cewa idan gurɓataccen abincin otal ne ya kwantar da matafiyi, yana da haƙƙin diyya ko bai nuna yadda aka yi sakacin ba, amma alƙalan suka ja kunne cewa kamuwa da ciwo a lokacin hutu kaɗai ba hujja ba ce, sai an nuna daga abincin ne. To, yaushe ciwon ya fara masa? Idan a daren farko ne, mai yiwuwa ya shigo da abinsa daga filin jirgi ko daga wani shagon abinci a gari, domin yawancin ƙwayoyin nan sukan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin su bayyana. Idan kuwa a rana ta huɗu ne, kuma mutum biyar ko shida sun kwanta tare da shi, to ruwa ba ya tsami banza, je ka duba firij da tankin ruwan sha da allon yankan kaza. Na san akwai maƙaryata, har a 2017 wata kotu a Libaful ta ɗaure wani mutum da abokiyar zamansa saboda ƙaryar ciwon ciki da suka ƙulla bayan hutu a tsibirin Mayoka na Sifen. Amma kada wannan ya sa ka ɗauki duk wanda ya riƙe ciki a matsayin ɗan damfara.

Ita macen, alamunta sun yi kama da ciwon kumfar jini. Ka san yadda yake: jiki yana tsotsar naitirojin a zurfi, idan matsi ya ragu da gaggawa sai ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka ɓalle murfinta. Shi ya sa ba ma wuce mita 18 a minti ɗaya wajen hawa, ni ma rabin haka nake koya muku, muke tsayawa minti uku a mita biyar, kuma ƙa'idar da ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ke yaɗawa ta ce a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Abin dubawa a nan shi ne wa ya tsara nutsonta na ƙarshe. Idan jadawalinmu ne ya saka ta cikin ruwa da yamma alhali tikitinta na asuba yana cikin fayil ɗinmu, to biya ya hau kanmu, kuma ba zan so ka yi jayayya a kai ba. Idan kuwa mun rufe mata nutso a kan lokaci, ta zagaya ta bi wani ƙaramin jirgi ta ƙara guda, ko ta ɓoye wani ciwo a takardar tambayoyin lafiya, to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kwamfutar da ke ɗaure a hannunta ta rubuta zurfi da mintoci da saurin hawa na kowane nutso, ita za ta raba gardama.

Akwai kuma wanda zai bi kowace ƙa'ida ciwon ya kama shi duk da haka. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana da wata 'yar ƙofa a zuciya da ba ta rufe ba bayan haihuwa, wadda kan bar kumfa ta tsallaka zuwa jinin da ke tafiya ƙwaƙwalwa, kuma yawancinsu ba su sani ba. Wannan shi ne tsautsayi na gaskiya, babu diyya a kanmu, inshorar nutso ce ke ɗaukar nauyinsa, shi ya sa nake matsa wa kowane baƙo ya nuna tasa kafin ya jiƙa ƙafa. Sai dai ko a nan hannunmu bai fita gaba ɗaya ba. Idan mutum ya fito yana kukan gwiwar hannu ko jiri, muka ce gajiya ce ya je ya kwanta, ko aka buɗe akwatin oksijin aka tarar tukunyar babu komai, ko muka ƙi katse tafiya don kada sauran baƙi su yi fushi, to jinkirin namu ne, kuma shi ne sau da yawa yake mayar da ciwon da zaman kusan awa biyar a ɗakin matsin iska, inda ake jinyar ciwon kumfar jini, zai warkar ya zama shanyewar ƙafa. Ka tambayi jagoran da ya fita da ita ko ta yi wani ƙorafi tun tana cikin jirgin ruwa, da abin da ya ce mata.

Gobe da safe ka tattaro littafin injin cika iska da ranar da aka canja matatarsa, da takardar gwajin iska ta ƙarshe, da rajistar nutson makon, da jadawalin da kuka liƙa a allo, da sunayen duk waɗanda suka kwanta ciwo a tafiyar har da ma'aikata. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka aiko mini kafin ka miƙa wa manaja. Idan ka tarar da gurbin da ba a cike ba, ka bar shi yadda yake, kada ka ƙara ko harafi ɗaya da biro.