Tambaya da Amsa: In jirgi ya faɗi, wa ke bin diddigi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Babanmu Allah Ya kira shi Hajji bana, shanu biyu ya sayar ya cika kuɗin kujera, amma yanzu kullum zancensa kenan jirgin da ya faɗa Gwammaja, wai lokacin yana Kano ya ga hayaƙin da idonsa. Don Allah in irin haka ta faru akwai masu bincike kuwa, ko ƙaddara kawai ake cewa a wuce?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya kai Baba lafiya Ya dawo mana da shi lafiya. Tsoronsa ba abin zargi ba ne, duk wanda yake Kano ranar 4 ga Mayu 2002 bai manta jirgin kamfanin EAS ba, tashinsa kenan daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya rikito kan gidajen mutane a unguwar Gwammaja, fiye da mutum 100 suka rasu har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ai ana ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Akwai hukuma ta musamman mai binciken haɗarin jirgin sama a Najeriya, dokar sufurin jiragen sama ta 2006 ta kafa ta da sunan AIB, a 2022 ta koma NSIB aka ƙara mata haɗarin jirgin ƙasa da na ruwa. Ba ita ke ba kamfanoni lasisi ba, wannan aikin NCAA ne, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma rabuwar tana da amfani don bai kamata wanda ya ba jirgi izinin tashi ya zama shi ke binciken kansa ba.

Farkon abin da suke nema shi ne baƙin akwati, wanda a zahiri launinsa ruwan lemo ne don a gane shi cikin tarkace, kuma biyu ne, ɗaya na naɗar maganar direbobi ɗaya na naɗar gudu da tsayi da yadda injin ke aiki. Sai su bi takardun gyara, su duba yanayin ranar, su ji ta bakin waɗanda suka gani. Ƙa'idar duniya ita ce rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe a yi ƙoƙari cikin shekara, sai dai gaskiya namu kan yi jinkiri, kuma wannan yana min ciwo don iyalan mamata suna jira.

Ki duba jirgin alhazanmu da ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991, zai dawo Sakkwato, mutum 261 babu wanda ya tsira. Bincike ya gano taya ce ba ta da isasshiyar iska, an sani amma aka ƙi tsayawa don kar a makara, ta fashe wajen tashi ta kama wuta aka naɗe ta cikin jirgi. Taya fa 'yar uwa! Da ba a tono wannan an rubuta ba da yau ba a tsananta a kansa haka ba, shi ya sa binciken ba don a kama mai laifi ake yinsa ba, don a toshe ƙofar ne.

Ki gaya wa Baba in aka ce an ɗage tashi saboda hazo ko gyara kar ransa ya ɓaci, ya zauna a sansani ya ja carbinsa. Ya ɗaura bel in an ce a ɗaura, kuma abin cajin waya mai batir ki sa masa a jakar hannu, kar ya shiga babbar jaka.