Malama, h-index ɗinki 4 bai auna darajar aikinki ba

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce adabin Hausa kike koyarwa, h-index ɗinki (ma'aunin yawan ambaton ayyukan mai bincike) a Google Scholar, shafin neman ayyukan ilimi, 4 ne, na abokiyar aikinki ta sashen harhaɗa magunguna kuwa 15, har kin fara tunanin ko aikinki ba shi da tasiri. Na daɗe a kwamitin ƙarin girma na tsangayarmu, bari in faɗa miki abin da na gani.

Wani masanin fiziks, Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya fito da wannan ma'auni a 2005. In an ce naki 4 ne, ana nufin kina da ayyuka huɗu da aka ambaci kowanne aƙalla sau huɗu. Da za ki wallafa littafi ɗaya a ambace shi sau 500, maki ɗaya tak zai ba ki.

Sannan fage ya bambanta. Masu kimiyya sukan haɗu su bakwai ko takwas a kan maƙala guda, a mujallun da Scopus, rumbun ƙididdigar ambato, ke ƙirgawa, kuma kowannensu a lissafa masa ambaton gaba ɗaya. Ke kuwa ke kaɗai kike zama ki rubuta, ki buga a mujallar gida irin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, ko a littafin karrama wani farfesa. Ɗaliban digiri na biyu da na uku a Kano da Zariya da Sakkwato suna kafa hujja da ke, amma da yawa daga kundayensu na jibge a kantar laburare, na'ura ba ta taɓa ganin su ba. Wannan yana damu na ƙwarai, domin na ga hazikan malamai sun karaya a kan lambar da ba ta ƙirga rabin masu karanta su ba.

Kuma ba kowane ambato ne yabo ba. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar The Lancet kan allurar rigakafin MMR (ƙyanda da hangum da rubella) an janye ta a 2010, amma an yi ta ambaton ta, galibi don a ƙaryata ta. Ga kuma masu cinikin "ambace ni in ambace ka". Irin wannan damuwa ce ta sa sanarwar San Francisco kan tantance bincike (DORA) ta 2012 ta nemi a riƙa auna bincike da abin da ke cikinsa, ba da sunan mujallar da ta buga shi ba.

In za ki gwada kanki, gwada da 'yan fagenki, sa'o'inki a aiki, a rumbu ɗaya, don Google Scholar ya kan ba da lamba sama da ta Scopus. Ki buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ki tsaya kan salo ɗaya na rubuta sunanki, ki ɗora ayyukanki a rumbun jami'arku, ki sa tsakure na Turanci a kan maƙalun Hausa. Mujallar da ta ce ki biya ta buga miki cikin mako guda, ki guje ta, domin masu tantance takardun ƙarin girma na waje karanta takardun suke yi, kuma sun san irin waɗannan mujallu.