Za mu bar npm mu koma pnpm: shin in goge fayil ɗin kulle?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Barnawa, nan Kaduna, inda muke kula da manhajar biyan kuɗin makaranta. Shugabanmu yana son mu bar npm mu koma pnpm, waɗanda dukkansu manhajoji ne na girka fakitoci, wato ƙananan shirye-shiryen da wasu suka rubuta da manhajarmu ke dogaro da su, ga shi za mu fitar da sabuwar siga kafin yara su dawo daga hutu. Wani abokin aikina ya ce in goge fayil ɗin kulle, wato package-lock.json, in sake girka komai, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kana da gaskiya da ka yi dari-dari. Komawa pnpm ba aibu ba ne, domin yana ajiye kowane fakiti sau ɗaya tak a kwamfuta, don haka yana da sauri kuma ba ya cin wuri.

Shawarar abokin aikinka kuwa ita ce kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum, kuma abin takaici ne yadda masu ƙaramin sani ke yaɗa ta a rukunonin WhatsApp kamar wani maganin kowace cuta. Idan package.json, fayil ɗin da ke lissafa fakitocin da manhajarku ke bukata, ya ce ^1.4.0, ya yarda ke nan a ɗauko duk sigar da ta biyo baya matuƙar ba ta kai 2.0.0 ba. Fayil ɗin kulle ne kaɗai ke riƙe da ainihin sigar da kuka gwada, har da ta fakitocin da ke ƙarƙashin waɗanda kuka girka, waɗanda ba ku taɓa duba su ba. Ranar da ka goge shi, dukkansu na iya motsawa lokaci guda, kuma idan wani abu ya lalace ba za ka san ko laifin pnpm ne ko na sabuwar siga ba. A watan Janairun 2022 mai fakitin colors ya fitar da sigar 1.4.1 da gangan, wadda ke sa manhaja ta yi ta juyawa ba tsayawa, kuma waɗanda ba su kulle sigarsu ba suka kwashe ta ba tare da sun sani ba. A 2018 an cusa lambar kwamfuta (code) mai satar kuɗin Bitcoin ta cikin fakitin event-stream. Ku kuma kuɗin iyayen yara ne ke bi ta hannunku.

Ka yi amfani da umarnin pnpm import, wanda zai karanta package-lock.json ya samar da pnpm-lock.yaml, sai bayan ka gwada ka cire tsohon. A wajen fitar da siga, ka maye gurbin npm ci da pnpm install --frozen-lockfile, umarnin da ke girka daidai abin da fayil ɗin kulle ya ce, ka kuma rubuta sigar pnpm a filin packageManager na package.json. Ka sa ran wasu fakitocin da lambarku ke kira ba tare da kun rubuta su a package.json ba za su daina samuwa, domin pnpm ba ya bari a kai gare su yadda npm ke bari. Sai ka ƙara su da hannu.

Ka faɗa wa shugabanku cewa a fitar da sigar da ke tafe ana amfani da npm. Sauyin ya zo shi kaɗai, bayan an gama karɓar kuɗin zangon.